Ranar da Mai Gadi Ya Kama Maigida

Yau zan ba ku labarin abin da ya same mu a makarantarmu ta allo da ke Gidan Igwai, nan cikin birnin Sakkwato, domin wanda ya ji ya kiyaye.

Wani babban almajirina yana da kwamfuta. A cikinta muka ajiye sunayen yara da na iyayensu da garuruwansu, da hotunan littattafan da mahaifina ya kwafa da hannunsa, waɗanda gara ta soma ci. Wata biyar muka yi muna ɗaukar su shafi-shafi. Ran nan da hantsi yaro ya kunna ta, sai fuskarta ta yi shuɗi, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Muka kai wa wani mai gyara, ya ce ba magani sai a wanke ta, watau a shafe kome da ke ciki. Na ce masa, "Samari, allo ake wankewa, domin abin da ke kansa ya riga ya zauna a ka. Wannan kuwa bai zauna a kan kowa ba." Muka ɗauki kayanmu muka kai wa wani.

Shi wannan na biyu, da ya duba a natse, sai ya ce ai ba cuta ce ta kama ta ba, maganin ne ya yi mata illa. Akwai wata manhaja da ake sa wa kwamfuta, masu sana'a suna ce mata antibairos, mu kuwa sai mu ce mai gadi. Aikinta ta tsaya bakin ƙofa, ta duba duk abin da ke shiga, tana riƙe da siffofin ɓarayin da aka sani. Wanda ta ga ya yi kama da su sai ta kama shi ta killace. Saboda wannan aiki aka ba ta iznin shiga har ƙuryar na'ura, inda sauran manhajoji ba su kai, shi ya sa kuskurenta ya fi na kowa ɓarna. Tamu kuwa mai sayarwa ya sa mata mai gadi ɗaya, almajiri ya ƙara na biyu don neman tsaro. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kowane ya ɗauki ɗan'uwansa ɓarawo, suka kaure, gida ya tsaya.

Kada mai karatu ya zaci ƙananan mutane kaɗai abin ke samu. Ran 21 ga Afrilu 2010 kamfanin McAfee ya aika wa manhajarsa sabon jerin siffofi, sai ta ɗauki wani fayil na Windows XP, wanda na'ura ba ta aiki sai da shi, ta ce cuta ne. Kwamfutoci da yawa suka dinga mutuwa suna tashi. Wanda ya fi wannan girma ya auku ran Juma'a 19 ga Yuli 2024, cikin watan Muharram 1446. Sa'ad da muke haramar sallar Asuba a Sakkwato, kamfanin CrowdStrike na Amurka, mai tsaron kwamfutocin manyan ma'aikatu, ya aika da wani gyara mai aibi. Minti 78 kawai ya yi kafin a janye shi, amma kamfanin Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, bankuna suka tsaya. Maganin kuwa fayil guda ne za a goge, amma sai da aka bi na'urori da yawa ɗaya bayan ɗaya da hannu.

To, ga abin da mai gyara ya yi a gabana, na rubuta muku bi da bi.

Na fari, ya tayar da ita ta wata ƙofa da suke ce wa sef mod, inda na'ura ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai, yawancin manhajoji suna barci.

Na biyu, kafin ya taɓa kome, ya kwashe littattafanmu da sunayen yara ya zuba a filas.

Na uku, ya buɗe wurin killacewa. Mai gadi sau da yawa ba ya kashe abin da ya kama, tsare shi yake yi. Ya saki abin da ya tabbata namu ne, ya bar wanda bai sani ba.

Na huɗu, ya cire masu gadin duka biyu, da abin cirewa wanda masu su suka tanada, domin cirewa ta sama-sama tana barin saiwa.

Na biyar, bai bar gida ba tsaro ba. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai gadi, Defender, wanda ke ja da baya in an kawo wani, ya koma bakin aikinsa in an cire. Shi ya bar mana. Ya ce da wannan duk bai yi ba, akwai hanyar mayar da na'ura halin da take ciki kwanakin baya, wankewa kuwa ita ce ta ƙarshe.

Kafin Azahar muka komo gida, ba shafi ɗaya da ya ɓace. Yanzu hotunan suna wuri uku, ɗaya a wajen ƙanena a wata unguwa. Nasihata ga malamai 'yan'uwana, duk wanda aka ce a wanke masa na'ura, ya tambaya tukuna ko an kwashe abin da ke ciki. Mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya kiyaye mu da neman gira a rasa ido. Wassalam.