Wuta da zafi ne ke kashe kwamfutocin wasa a Yamai

Ana tsakiyar wasan FC ko Call of Duty sai allo ya yi baƙi ƙirin, kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta. A garzaya wurin mai gyara, ya ce ƙwayar cuta ce, ya goge Windows ya ɗora sabuwa, ya karɓi kuɗinsa. Kafin mako ya zagayo matsala ta dawo. Wannan gogewa da ta zama ruwan dare a Yamai asarar kuɗi ce, domin yawanci daga soket ɗin bango ciwon yake shigowa.

Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka katse layin a watan Agusta na shekarar, birnin ya jingina da tashar Gorou Banda da janaretocin unguwa. An ɗage takunkumin da ya jawo katsewar a Fabrairun 2024, amma da zarar bazara ta kama, ɗauke wuta da dawo da ita na nan yadda aka sani. Kwamfutar wasa ba ta haƙuri da wutar da ke hawa da sauka: katin hoto irin RTX 3070 shi kaɗai na jan wat 220, kuma yakan zabura ya nemi ƙari farat ɗaya idan wasa ya yi zafi. In akwatin wutar cikinta mai araha ne, ko kuma hawa da saukar volt 220 sun riga sun gajiyar da shi, sai ya yanke. Alamarsa a fili take: mutuwa ba gargaɗi, ba shuɗin allo, sannan a tarar da Kernel-Power 41 a kundin Windows.

Zafi ke biye. A Afrilu da Mayu Yamai na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankoki ta yi dabe a kan ƙarfen sanyaya. Man da ake shafawa tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwar kwamfuta ya bushe ya tsattsage. Ita kuwa ƙwaƙwalwar, in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, wasa ya riƙa sarƙewa, daga baya ta kashe kanta.

Masu cewa kayan ne tun asali ba su da kyau suna da ɗan abin kamawa. A Yulin 2024 Intel ta amsa cewa wasu ƙwaƙwalenta na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda wutar da suke ja ta wuce kima. Akwai kuma katunan hoto na hannu da aka gama tatsa wajen haƙar kuɗin kirifto kafin su iso nan. Sai dai kaɗan ne ke da irin waɗannan, alhali wuta da ƙura sun shiga kowane gida.

Abin da ke biyo baya shi ne faifan ajiya ya lalace, uwar allo ta ƙone, mai gidan wasa ya yi ta mayar wa yara kuɗinsu. Don haka mai shirin sayen sabon katin hoto ya dakata, ya fara da onduleur mai daidaita wuta da akwatin wuta na kirki, ya busa ƙura ya sabunta man, ya gwada RAM da MemTest86. Goge Windows ya zo a ƙarshe.