Ɗinkin Lifidi da Yadda Ake Yin Adon Bango da Shi a Masarautar Daura

Duk wanda ya halarci Hawan Sallah ko bikin Sallar Gani a Daura ya ga 'yan lifida a cikin ayarin Mai Martaba Sarki, su da dawakinsu sanye da tufafi masu kauri. Wannan tufa ita ce lifidi, wato ƙyalle biyu da aka cusa wa auduga a tsakani, sannan aka bi su da ɗinki layi-layi domin kada audugar ta taru wuri ɗaya. A zamanin yaƙi, kaurinsa ne yake rage kaifin kibiya da mashi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali Kano.

A yau ba a ganin lifidi sai ranar hawa, kuma masu ɗinka shi ba su da yawa. Amma dabarar tana da sauƙin koyo, kuma ana iya amfani da ita wajen yin ƙaramin adon bango na ɗakin amarya ko zaure ko ofis.

Kayan da ake bukata

Ana bukatar guntayen atamfa ko shadda da suka rage a wurin tela, da farin yadi na baya, da auduga, da allura da zare mai ƙarfi, da almakashi, da alli, da siririn kara. A cire wa audugar iri a shiɓe ta sosai. A wanke ƙyallayen kafin a fara aiki, domin wanda yake zuba kada ya ɓata sauran daga baya.

Zaɓen zane

A ƙasashen Turai da Amurka, masu irin wannan ɗinki sukan sa hoton kare ko kyanwa. A wurinmu kare na gadi ne da farauta, kuma malamai da yawa ba sa son a rataye hoton abu mai rai a cikin ɗaki. Saboda haka ya fi dacewa a zaɓi dagi, ko aska irin ta babbar riga, ko zanen ƙofar fada, ko na rijiyar Kusugu wadda aka san Daura da ita. Irin waɗannan ne kuma baƙi masu ziyara za su so su tafi da su tsaraba.

Yadda ake haɗawa

Da farko a yanka ƙyallen fuska kamu ɗaya a tsaye, kamu ɗaya a kwance. A zana siffar da alli a kan ƙyalle mai wani launi, a yanke ta, a kalmashe bakinta, a ɗinka ta a tsakiyar fuskar. Daga nan sai a shimfiɗa yadin baya a kan tabarma, a baza auduga ba da kauri ba, a rufe da fuskar. A fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, tazarar yatsa biyu tsakanin layi da layi. Wanda ya fara daga gefe zai tarar tsakiyar ta kumbura, aikin ya karkace. A ƙarshe a naɗe baki huɗu da siririn ƙyalle, a bar rami a sama inda za a zura kara, a ɗaura igiya.

Kada a rataye shi inda rana take bugawa ko bangon da yake yoyo da damina, domin auduga tana riƙe laima.

Kira ga shugabanni

Ana kira ga hakimai da dagatai da jami'an ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Mai'adua da Sandamu da su nemo dattawan da suka iya ɗinkin lifidi, su haɗa su da cibiyoyin koyar da mata sana'a da matasa masu koyon tela. Jarin kaɗan ne, kayan aikin kuma yawancinsu zubarwa ake yi. Idan aka yi haka, iyalai za su samu abin rufin asiri, kuma sana'ar ba za ta tafi tare da masu ita ba.