Kafin Ku Huda Bango Domin Wayar Talabijin

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidaje da yawa na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, mu da kanmu ne muke tsaga bangon, da guduma da ƙusa, domin mu shigar da wayar talabijin ɗaki. Aikin minti goma ne, amma ɓarnarsa kan ɗauki shekaru.

Mu ma mun sha wannan darasi. Shekarar da muka sayi faifan satalayit, yaron da ya zo kafawa ya fasa bangon falo da guduma, ya cusa waya, ya toshe ramin da tsumma, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da damina ta kankama a watan Agusta, sai ruwa ya riƙa bin wayar nan kamar indararo har cikin ɗaki. Fenti ya ɓare, yaɓe ya kumbura, daga baya dikoda ta mutu. Abin da muka biya magini ya ninka kuɗin kafawar.

Talabijin ba baƙo ba ne a Arewa. An buɗe tashar farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka kafa NTA a 1977. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Kano a 1991, masu akwatin talabijin a wannan yanki sai sun kafa eriya a kan dogon ƙarfe ko gora kafin su kamo Kano. Yau DStv da GOtv da StarTimes sun shiga har ƙauyuka, musamman inda ake da sola. Na'ura ta sake, amma tambayar tana nan: ta ina waya za ta shiga ɗaki?

Abu na farko shi ne sanin irin bangon. Bulon siminti, mai inci 6 ko inci 9, yana da rami a cikinsa, saboda haka huda shi ba wuya, sai dai yakan fashe ta baya idan aka matsa masa da ƙarfi. Jan bulo ƙonanne yana da tauri. An fi samun sauƙi a bi ta layin simintin da ke tsakanin bulo biyu. Bangon tubali kuwa, wanda har yanzu shi ne a gidaje da dama na karkara, kaurinsa ya fi na sauran, amma ruwa ne ajalinsa. Ƙaramin rami a jikinsa ya isa ya zama kafar da za ta zubar da bango.

Na biyu, a zaɓi wuri da hankali. Masu aikin lantarki sukan binne waya cikin bango a miƙe, sama ko ƙasa ko gefen soket da makunni. Don haka kada a huda daidai saitinsu, kuma a kashe wutar gida daga babban makunni ko da an ɗauke wuta, gama ba a san lokacin da za a maido ta ba. A guji linta ta saman ƙofa da taga, da ginshiƙin kusurwa, domin akwai rodi a cikinsu, su ne kuma ke ɗauke da nauyin gini. Ku kuma 'yan'uwa da ke zaman haya, ku nemi izinin mai gida tukuna. Rami ɗaya ya sha ɓata zaman lafiyar shekaru.

Na uku, hudar kanta. Wayar da aka fi amfani da ita, wadda masu shago ke kira RG6, kaurinta wajen milimita 7 ne. Injin huda bango mai baki milimita 10 ya ishe ta. Ba a bukatar ramin da hannu zai shiga. A fara daga cikin ɗaki, a karkata bakin injin kaɗan yadda ramin zai gangara zuwa waje. Wannan 'yar gangara ita ce ke hana ruwa shigowa. In an kusa ɓullawa sai a sassauta hannu, don kada yaɓen waje ya ɓalle. Inda hali ya yi, a faɗaɗa ramin kaɗan a sa gajeren bututun roba, wayar ta bi ta ciki; a bangon tubali kam wannan ya zama dole.

Na huɗu shi ne wanda masu kafawa suka fi mantawa. Kafin waya ta shiga ramin daga waje, a bar ta ta sauko ƙasa da ramin kamar tsawon taƙi ɗaya, sannan ta lanƙwaso ta hau. Ruwan da ya biyo ta sai ya ɗiga ƙasa daga gindin lanƙwasar. Kada a karya ta kamar kara, gama hoto zai lalace. Daga nan a toshe ramin ciki da waje da silikon ko ɗan siminti. Tsumma da takarda gidan gara ne da kyankyaso da kunama, ga ƙurar hunturu.

Me ya sa ruwa ke kashe dikoda? Domin wayar faifai ba hoto kaɗai take ɗauka ba. Dikoda tana tura wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ta cikinta zuwa kan faifan. Idan danshi ya shiga mahaɗa, sai tsatsa ta ci ta, wutar ta haɗe. Saboda haka waya guda mara haɗi ta fi, kuma gajeriya ta fi doguwa ba da hoto mai kyau.

Saura maganar rai. Ƙarfen eriya yana jan wuta tun ma kafin ya taɓa babbar wayar lantarki, in ya matso kusa da ita. A duba sama kafin a ɗaga shi, kuma a kafa shi inda ko iska ta kayar da shi ba zai faɗa kan wayar KEDCO ba. A gidan da ke kan tudu, ko inda eriya ta ɗara rufi da itatuwa tsawo, a sa mai aikin lantarki ya haɗa ƙarfen da sandar tagulla da aka kafe a ƙasa. In hadari ya taso da tsawa, a cire wayar eriya da ta wuta tun da wuri, kada a bari sai aradu ta fara faɗuwa.

Muna roƙon iyayen gida da su tsaya a kan mai aiki har ya gama. Ku tambaye shi ina gangarar ramin, ina lanƙwasar ruwa, da me zai toshe. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Masu ramin da aka riga aka yi kuma, rani ne lokacin gyara, tun ruwan farko bai sauka ba.