Kafin Ka Sa Wa Tsohuwar Tarakta Fawa Sitiyari

Masu tsofaffin taraktoci kukansu ɗaya ne, ko ƙananan na lambu ne irin su Cub Cadet da John Deere 110 da aka fara ƙerawa a Amurka a 1961 da 1963, ko kuwa Massey Ferguson 135 da har yau ke huɗa a gonakinmu: sitiyari ya yi tauri, ko ya yi wasa, ka murɗa shi taya ba ta ko motsa ba. Da an je gareji sai a ce a ɗora fawa. Shawarar ba laifi, amma ba da ita ake farawa ba. Fawa ƙarfi kawai take ƙarawa, ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye. In an ɗora ta kan abin da ya sassauta, sai ta ƙarasa shi.

Fara da bincike. Kashe inji, tare tayoyin baya, ɗaga gaba da jak, sannan ka tokare da katako mai kauri, kada ka yarda da jak shi kaɗai. Wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai kuwa ka bi da ido daga sandar sitiyari har taya. Inda ƙarfe ɗaya ya motsa na jikinsa ya tsaya, nan matsalar take. Galibi kan tayarod ne, ko haƙoran giyar sitiyari, ko bushin da sandar taya ke juyawa a ciki. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ko bushin ya tafi.

Sau da yawa taurin na tafiya da gyara mai araha. A cika iskar tayoyin gaba daidai ƙa'ida, a wanke tsohon giris da ya daskare da ƙura, a ɗura sabo. A ƙananan taraktocin lambu, sa siririn boris mai ɗaukar nauyi tsakanin gatari da sandar taya na sauƙaƙa juyi ƙwarai. A auna saitin tayoyi kuma: gabansu ya ɗan fi bayansu matsowa, kimanin milimita 3 a ƙananan, manya kuwa a bi littafinsu.

In an yi wannan duka har yanzu kafaɗa na ciwo, musamman ga wanda ya ɗaura cebur a gaba, to lokacin fawa ya yi. Hanya biyu ce. Ta mai tana buƙatar famfo, da bawul a ƙasan sitiyari, da silinda mai tura tayoyi. Tana jure aiki mai nauyi, amma da inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi nan take. Ta lantarki kuwa ƙaramin injin lantarki ne da ake cirowa daga sandar sitiyarin ƙananan motoci. Tana zuƙar wuta sosai, cajin ƙaramar tarakta bai cika iya ciyar da ita ba, don haka sai da waya mai kauri, da fiyus, da batir lafiyayye.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Tayarod da ya karye sauya shi ake yi, ba a kai wa mai walda, domin ranar da waldar za ta saki ba ta sallama, kuma tarakta in ta kife kan direba take faɗawa. Sannan kada a laluba yoyon tiyon man fawa da hannu inji na aiki. Man da ke fita da matsi yana huda fata, raunin ya yi kamar tsinin allura alhali sai an yi tiyata. A kara kwali a ga inda ya jiƙe.

Bayan gyara, a gwada a fili, a giya ta ɗaya, a juya har ƙarshe kowane ɓangare, a sake ɗaure notuna kafin a hau titi ko a bai wa yaron gona makulli.