Kat-kat A Ƙofar Gida: Abin Da Take Ci Bayan An Saye Ta

Duk mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya san alamar da ake gane cewa ɗan kasuwa ya kama ƙasa. Ba girman shago ba ne, ba kuma yawan yara ba. Ranar da aka ga ya sauko daga babbar mota, wadda mu a nan muke kira kat-kat, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce wa jif, ranar ce ake fara yi masa barka da arziki. Wasu Prado suke saye, wasu Land Cruiser, wadda har yau ake kira V8 duk da cewa kamfanin Toyota ya daina sa wannan inji a sabon samfurin da ya fitar a shekarar 2021.

Gaskiya motar tana da ranarta. Mai iyali da yawa zai kwashe mutum bakwai ko takwas a tafiya guda, da kayansu, ba sai an yi sawu biyu ba. Idan damina ta zauna, hanyar ƙauye ta cika da taɓo da kwazazzabai, ko kuma rairayin arewacin Dakwaro ya riƙe ƙananan motoci, ita wucewa take yi. Wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare ana ruwa ba zai yarda a kushe masa kat-kat ba, kuma yana da hujja.

Sai dai yawancin waɗanda nake gani da ita ba su da irin wannan hanya a gabansu. Daga gida zuwa kasuwa ne, daga kasuwa zuwa makarantar yara, ranar Juma'a masallaci, duk a kan kwalta. A nan ne lissafi yake fara tashi, kuma lissafin nan da jarin mutum ake biyansa.

Mu fara da mai. Land Cruiser mai injin fetur tana shan lita 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, gwargwadon tsufanta da ƙafar direba, alhali ƙaramar Corolla ba ta cika wuce lita 8 ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne. Zuwa da dawowa, babbar za ta sha sama da lita 200. Da farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar fetur a watan Yuli na 2024, ana maganar jikka 100 da ɗoriya ke nan, ƙaramar kuwa rabin haka ya ishe ta. Wannan tafiya ɗaya ce tak. Mai karatu ya ninka da kansa a shekara.

Idan ba a manta ba, a da mutanen iyaka ba su damu da wannan ba, saboda man Najeriya yana shigowa a jarkoki, ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanya da araha ƙwarai. Da yawa daga cikin manyan motocin da ke garuruwanmu a kan wannan man aka saye su. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Arahar man kwalba ta tafi ke nan. Kowa ya koma kan abin da matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana. A watan Maris na 2025 mun ga layukan da aka yi a gidajen mai, kuma mai tankin da ke cin sama da lita 90 shi ya fi kowa jin jiki.

Bayan mai sai gareji. Injin V8 fulogi takwas gare shi, na Corolla huɗu. Idan an zo juyen baƙin mai, wannan kusan lita 7 yake ci, wancan lita 4. Taya ɗaya ta babbar mota tana iya sayen biyu na ƙarama, ga kuɗin inshora da na takardu da suke tafiya daidai da ƙarfin inji. Tsofaffin da aka ƙera a shekarun 1990, masu shan gazuwal, kowane bakanike ya san cikinsu, da sifana da basira ake tayar da su. Na baya-bayan nan kuwa cike suke da lantarki, in fitila ta kama a gaban direba sai an nemo mai kwamfuta, kuma ba kowane gari ke da wanda ya iya ba. Na san motar da ta yi wata uku a kan duwatsu tana jiran ƙarfe ɗaya, mai ita yana hawa kabu-kabu zuwa shago. Jiran ma ya ƙaru tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Ɗan kasuwa ya san kuɗi idan yana cikin buhun wake ko dilar atamfa juyawa yake yi, ya dawo da ɗa. Miliyoyin da aka zuba a mota ba sa haihuwa, raguwa suke yi kowace shekara. Ranar da kasuwa ta juya baya, kamar yadda ta yi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, masu neman sayar da manyan motoci yawa suke yi, masu saye kuma su ɓace. Ƙaramar mota a mako guda ake rabuwa da ita. Babba sai dillalai sun ja ranka, su taya ta yadda suka ga dama, domin sun san kana cikin matsi. Akwai kuma kunya: mutum ya gwammace ya ci bashi ya zuba mai da a ce ya sayar da motarsa.

Ga batun tsaro. A yankunan Madarumfa da Gidan Rumji, da tsallaken iyaka a jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato, an sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa. Motar da ake hangowa daga nesa a san ta wane ce, ba dabara ba ce a shiga daji da ita da iyali a ciki, musamman da yamma.

Na ƙarshe kuwa a tsakar gida yake. Motar nan ta haura tan biyu, ga tsayi, kuma direban da ke zaune a ciki ba ya ganin yaro ɗan shekara biyu da ke tsaye a bayanta, ko ta madubi. Gidajenmu cike suke da yara, kuma da sun ji ƙarar motar baba da gudu suke fitowa. Duk mai irin wannan mota ya zagaya ta da ƙafa kafin ya tayar, ya kuma sa babba ya riƙe yara har ya fita daga ƙofa. Tsayin nan ne kuma yake sa ta saurin kifewa idan taya ta fashe ana gudu, ko aka murɗa sitiyari da ƙarfi don kauce wa jaki, balle an lafta kaya a kan rufi. Taya 'yar gwanjo da ta sha rana ba ta dace da hanyar Damagaram a watan Afrilu ba, kuma ɗaura bel ya shafi har waɗanda ke kujerar baya.