Yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse tsakanin sahur da shan ruwa

A Nguru da Gashuwa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, mai azumi yakan yi awa 13 zuwa 14 ba ci ba sha, amma sukarin jininsa ba ya faɗuwa warwas, saboda aikin wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda wata gaɓa ke saki cikin jini domin su kai umarni ga sauran gaɓoɓi. Biyu daga cikinsu, insulin da gulukagon, suna fitowa ne daga fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi.

Idan tuwon gero na sahur ya narke ya koma gulukos, wato sukarin da jini ke ɗauka, sai insulin ya tura shi cikin tsoka da hanta, hantar kuma ta adana kimanin giram 100 kamar hatsi a rumbu, rarar ta zama kitse. Da hantsi ya ɗaga insulin yakan ja baya, gulukagon ya sa hanta ta riƙa fitar da ajiyarta kaɗan-kaɗan, kafin la'asar kuma tsoka ta fi dogara ga kitse, tana bar wa ƙwaƙwalwa gulukos. Galabaitar da masunci ko manomin fadama ke ji a wannan lokaci, galibi ta ƙishirwa ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin shan ruwa. Dabino da ƙosai ba laifi, amma idan aka kora da kunun tsamiya wanda ya sha sukari, aka bi da zoɓo da lemon kwalba, insulin yakan yi ambaliya, ya dakatar da ƙonewar kitse ya koma tara sabo, shi ya sa wasu kan kai sallah da ƙarin ƙiba.

Mai ciwon sukari, wanda insulin ɗinsa ya gaza ko jikinsa ya daina jin umarninsa, lamarinsa daban ne, musamman a Gashuwa da aka daɗe ana kokawa da ciwon ƙoda, tunda hauhawar sukari da ƙarancin ruwa duk ƙoda suke wahalarwa. Allurar insulin ba ta la'akari da cewa cikin mutum wayam yake, don haka ya kamata likita, kamar a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ya daidaita adadinta kafin a ga wata, kuma likitoci kan shawarci majinyaci ya karya azumi idan awon sukarinsa ya yi ƙasa da 70 mg/dL.