Lissafin Abin da Ke Juyawa

Dokar motsi ta biyu da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ta nuna cewa ƙaruwar saurin abu tana bin ƙarfin da aka tura shi da shi da kuma nauyinsa, amma idan abu yana juyawa ne a kan cibiya, lissafin yana bukatar sanin inda ƙarfin ya sauka da inda nauyin yake zaune. Leonhard Euler ne ya tsara wannan fanni a littafinsa na 1765, kuma a kan ma'aunai uku ake gina shi.

Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin da aka sa, a ninka shi da tazarar da ke tsakaninsa da cibiyar juyi, muddin turin ya gitta wannan tazara kai tsaye. Dalilin ke nan da ya sa bakanike yakan zura bututu a hannun sifana idan noti ya cije. Saurin juyi kuwa ana auna shi da radiyan a daƙiƙa, inda zagaye ɗaya yake daidai da radiyan 6.28. Ma'aunin da ya fi rikita ɗalibai shi ne turjiyar juyi, wato yadda abu yake ƙin fara juyawa ko ƙin tsayawa, domin ba nauyi kaɗai take bi ba: kowane ɓangare na abin ana ninka nauyinsa da nisansa daga cibiya sau biyu, saboda haka nauyin da aka matsar ninki biyu daga tsakiya turjiyarsa takan ninka huɗu. Masu kaɗi sun daɗe suna cin gajiyar wannan, tun da gululun da ke jikin mazari shi ke hana shi saurin tsayawa.

A ɗauki faifan ƙarfe irin na injin niƙa, mai nauyin kilo 40, wanda daga cibiyarsa zuwa baki mita 0.3 ne. Turjiyar cikakken faifai rabin nauyinsa ce a ninka da 0.3 sau biyu, wato 1.8. Idan bel ya ja bakinsa da ƙarfin niwuton 60, ƙarfin murɗawar zai zama 18, kuma idan aka raba 18 da 1.8, saurin juyin zai riƙa ƙaruwa da radiyan 10 a kowace daƙiƙa, ta yadda bayan daƙiƙa 5 zai kai radiyan 50, kusan zagaye 8 a daƙiƙa, in an ajiye batun gogayya a gefe.

Da a ce an tattara kilo 40 ɗin nan a baki kamar zobe, da turjiyar ta zama 3.6, saurin kuma ya ragu da rabi. Maƙeran injuna suna zaɓar wannan siffa da gangan, domin faifai mai kaurin baki yana riƙe juyi tsakanin bugun fistin da na gaba, kuma shi ya sa inji ba ya mutuwa nan take idan aka zuba masa masara.